Darasi na Tara: Shelar Ɗaukar Soja da Aikin Gwamnati ta Kafafen Sada Zumunta

A 'yan shekarun nan, duk lokacin da rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya za ta ɗauki sabbin kurata, ko za a ɗauki 'yan sanda, ko ma'aikatan shige da fice da na gidajen gyaran hali, sanarwar takan fito a shafukan hukumomin na Facebook da X, daga nan kuma ta bazu cikin zaurukan WhatsApp. Kafin rana ta faɗi ta isa wayar saurayin da ke zaune a Kamarawa ta ƙaramar hukumar Isa, ko Gatawa da Unguwar Lalle ta ƙasar Sabon Birni, muddin akwai sabis a ranar. Wani lokaci takan iso kamar yadda hukuma ta rubuta ta. Wani lokaci kuma sai ta iso an sauya adireshin da ke ƙasanta, an liƙa lambar wayar wani mai kiran kansa manjo ko kanar, an ƙara da cewa gurabe sun kusa cika. Da ido ba a bambance su, domin tambarin ɗaya ne, hoton sojan da ke jiki ma ɗaya ne. Abin da darasin nan ya tsaya a kai shi ne, kafar sada zumunta ta iya yaɗa shela, amma ba ta iya tabbatar da gaskiyarta, ba ta kuma kai mai nema wurin tantancewa. Saboda haka hukumar da ta wallafa sanarwa a intanet ta koma ta naɗe hannu, ba ta sauke nauyin mutanen gabashin Sakkwato da ke wuyanta ba.

Shelar ɗaukar soja tsohuwar aba ce a ƙasar Hausa. Tun a shekarar 1863 wani Baturen Ingila mai suna Glover ya kafa wata ƙaramar runduna ta Hausawa a Legas, kuma daga irinta ne sojan Nijeriya na yau yake jawo asalinsa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Turawa suka bukaci samarin da za a kai Bama, ta hannun sarakuna suka bi: sarki ya sanar da hakimi, hakimi ya sanar da dagaci, sanƙira ya ɗaga murya ranar kasuwa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ita ma ta kai labarin yaƙin ga masu karatun boko, su kuma suna karanta wa na kusa da su. Kada a yi wa wannan hanya kwalliya. Akwai tilas a cikinta, akwai son kai, kuma talakan da ba shi da kowa shi ne ya fi saurin faɗawa hannu. Amma tana da abu guda da ya kamata a lura da shi: wanda ya ji shelar ya san bakin da ta fito, ya san gidan mai bakin, ya kuma san ƙofar da zai je ya tsaya. Saƙon da aka turo daga zaure zuwa zaure a WhatsApp ba shi da ɗaya daga cikin ukun.

Duk da haka, rashin adalci ne a ce sabuwar hanyar ba ta kawo alheri ba. A da, sau da yawa labarin gurbin aiki yakan tsaya a hannun wanda ya fara jin sa, ya ɓoye shi har sai ɗansa ko ɗan ƙanwarsa ya cike takarda. Yanzu ɓoyon ya yi wuya. Shirin N-Power da gwamnatin Muhammadu Buhari ta fara a 2016 ta intanet aka nemi shigarsa, kuma matasa da yawa da ba su da uwa a gindin murhu sun samu, ana biyan masu digiri da takardar NCE naira 30,000 a wata. Fom ɗin shiga soja ma a shafin rundunar ake cike shi, kyauta, ba sai ka roƙi wani magatakarda ya zaro maka shi daga aljihun tebur ba. Wannan ci gaba ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a koma baya. Sai dai tarihi ya riga ya nuna iyakarsa. A ranar 15 ga Maris 2014, dubban ɗaruruwan matasa da suka nemi aikin shige da fice ta intanet, kowannensu ya biya naira 1,000, suka cika filayen wasa a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin domin jarrabawar guraben da ba su kai 5,000 ba. Aka yi turmutsutsu, fiye da mutum goma suka rasu. Shelar ta isa ko'ina. Abin da ya biyo bayanta ne ba a shirya ba.

A yankinmu kuwa matsalar ta juya ne: shelar ce kanta ba ta isa daidai. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 14(3), ya wajabta cewa hukumomin tarayya su ƙunshi 'yan kowane ɓangare na ƙasa, sashe na 217(3) kuma ya maimaita haka game da hafsoshi da ƙananan sojoji. Akwai ma hukuma sukutum da aka kafa a 1996 don lura da wannan rabo. Shi ya sa ake raba guraben kurata jiha-jiha. To amma jihar Sakkwato ƙananan hukumomi 23 ce, kuma ba ɗaya suke ba wajen samun sabis da wutar lantarki da zaman lafiya. A watan Satumba na 2021, a zamanin gwamna Aminu Waziri Tambuwal, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni. A watan ne kuma aka rufe hanyar Isa zuwa Marnona, aka umarci matafiya su zagaya ta Goronyo da Sabon Birni. Mutanen kan iyaka suka koma neman layin Nijar don su gaisa da 'yan uwa, wasu dubbai kuma tun daga 2019 sun riga sun tsallaka jihar Maraɗi, suna zaman gudun hijira a yankin Gidan Runji. A daidai wannan lokaci ita kanta gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Duk sanarwar aikin da aka wallafa a intanet a waɗancan watanni, ga ɗan Kamarawa tamkar ba a yi ta ba. Doka ta ce yana da rabo, amma rabon yana iya ƙarewa kafin labari ya same shi, kuma a takarda za a rubuta cewa jihar Sakkwato ta cike gurabenta.

Wani zai ce wannan tsohon zance ne: an maido da sabis, waya ta cika ƙauyuka, har 'yan bindigar da ke cikin daji suna fitowa a TikTok, to me zai hana ɗan makaranta ganin sanarwa? Ganin sanarwa daban, cike sharuɗɗanta daban. Kallon bidiyo ba ya bukatar iya karatu, amma fom ɗin soja da Turanci yake, kuma yana neman abubuwa da yawa a lokaci guda. Mai neman zama kurtu ba tare da wata sana'a ba ana so shekarunsa su kasance tsakanin 18 da 22, masu sana'a kuma zuwa 26. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.68, mai nema ya ci aƙalla darussa huɗu har da Turanci a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO ko NABTEB, a zama bai wuce biyu ba, ya mallaki lambar ɗan ƙasa ta NIN da lambar banki ta BVN, ya kawo shaidar haihuwa da takardar zama ɗan asalin ƙaramar hukumarsa. Bayan ya cike sai ya buga takardun a shagon kwamfuta, a sa masa hannu, sannan ya kama hanyar Sakkwato ranar tantancewa, kafin a yi zancen tafiya makarantar horas da kurata ta Zariya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tafiya ce da kuɗin mota, a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu. Yaron da aka rufe makarantar garinsu saboda hari, ko wanda takardunsa suka ƙone tare da ɗakin uwarsa, ba ƙarancin Facebook ne ya dame shi ba. Kuma wa'adin cike fom makonni ne kawai. Wanda ya ji labari a makon ƙarshe ba zai iya haɗa NIN da takardar ƙaramar hukuma kafin a rufe ba.

A cikin wannan giɓi ɗan damfara yake kafa shagonsa. Ya san mai nema yana cikin gaggawa, ya san Turancin fom ɗin ya yi masa nauyi, ya kuma san ba shi da wanda zai tambaya. Sai ya buɗe shafi da sunan wani babban hafsa, ya sa hotonsa, ya kwafi sanarwar gaskiya ya sauya layi ɗaya. Da farko abin da zai nema kaɗan ne, kuɗin fom ko na rajista. Daga baya sai kuɗin gwajin lafiya, sai na sa suna a jerin waɗanda aka zaɓa, sai na kaki da takalmi. Iyali su sayar da rago ko buhun gero, wani lokaci har gona, su tura ta POS. Wasu ma ba kuɗi suke so ba, lambar BVN da NIN da lambar sirrin da banki ke turowa suke nema, su kwashe abin da ke cikin asusu ko su ci bashi da sunan mutum. Abin tambaya shi ne me ya sa mutane masu hankali suke yarda. Amsar ba jahilci kaɗai ba ce. A shekarar 2023 wani kwamitin majalisar wakilai ta tarayya ya binciki cinikin guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, ya kuma saurari shaidun da suka ce sun biya miliyoyin naira don a ba su takardar ɗaukar aiki, har binciken ya taɓa ita hukumar da aka ɗora wa lura da rabon. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Uban da ya ji cewa ana sayar da aiki a Abuja ba zai yi mamaki ba idan wani ya kira shi ya ce ga na ɗansa a kan farashi kaza.

Akwai alamomin da kowane ɗalibi a ajin nan ya kamata ya riƙe, ko da ba shi ne mai neman aikin ba, domin iyaye da yayye ne sukan biya kuɗin. Adireshin shafin hukumar gwamnatin Nijeriya yakan ƙare da gov.ng, na rundunonin soja kuma da mil.ng; na ɗaukar kuratan sojan ƙasa shi ne recruitment.army.mil.ng. Ba kowa ne ake ba irin wannan adireshi ba, shi ya sa ɗan damfara yake kewaye shi da wani mai kama da shi, ko ya gajarta shi yadda ba za a gane ba. Rundunar soja ta sha nanata cewa neman shiga kyauta ne, don haka duk wanda ya ambaci kuɗi ya riga ya tona kansa, balle ya ba da asusun banki mai ɗauke da sunan mutum. Hukuma ba ta bin mai nema a saƙon sirri tana lallashinsa. Shuɗiyar alamar da ke gefen suna a X da Facebook ma ta rage daraja, tun da kamfanonin suka fara sayar da ita ga mai biyan kuɗin wata a shekarun 2022 da 2023. Sannan lambar sirrin da banki ya turo ba a karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga bankin yake. Wanda aka riga aka cuta kuwa, kunya ba za ta maido masa da komai ba. Hukumar EFCC tana da ofishi a Sakkwato, kuma shaidar tura kuɗin da saƙonnin da aka yi musayarsu su ne hujjarsa, kada ya goge su.

Ita kanta rundunar soja ta san shelar intanet ba ta wadatarwa. A 2025 ta aika tawagar jami'anta zuwa jihohin kudu maso gabas, irin su Inugu, suna ganawa da shugabannin al'umma, suna kokawa cewa matasan yankin ba sa cike guraben da aka ware musu. Can ba sabis ne ya yi ƙaranci ba, yarda ce, kuma rundunar ta gane cewa yarda sai an haɗa ido. In har ta dace a tashi takanas a je wurin masu sabis da ba su nema ba, ta fi dacewa a je wurin waɗanda suke so amma hanya ta tsare su. Ta ɗaya ɓangaren kuma, kafafen sun nuna amfaninsu wajen sa ido: a farkon 2024 wani bidiyo ya yaɗu yana nuna wasu masu neman shiga soja da suka yi iƙirarin su 'yan asalin Legas ne alhali ba haka ba ne, har rundunar ta fito ta yi bayani. Wannan aiki ne da waya ta fi sanƙira iyawa, kuma mutanen Isa da Sabon Birni suna da haƙƙin yin irinsa, su nemi a nuna musu sunayen da aka ɗauka da sunan ƙananan hukumominsu.

Hujja mafi nauyi da za a kawo a kan ra'ayin darasin nan ita ce ta tsaro, kuma ba a kawar da ita da magana ɗaya. A ƙasar da jagoran 'yan bindiga Bello Turji da ire-irensa suke da masu kai musu rahoto a cikin gari, saurayin da aka san yana neman shiga soja ko ɗan sanda ya jefa kansa da gidansu cikin haɗari. Idan aka ce sai ya bi ta fadar hakimi ko ofishin kansila, idanu da yawa za su gan shi. Waya kuwa tana ba shi sirri: ya cike fom ɗinsa cikin dare, babu wanda ya sani sai mahaifinsa. Wannan gaskiya ce, kuma dalili ne mai ƙarfi na barin ƙofar intanet a buɗe. Amma a lura cewa abubuwa biyu ne aka haɗa. Shela ta kowa ce, ba ta tona asirin kowa: idan gidan rediyon Rima ya karanta sanarwa da Hausa, ko liman ya faɗe ta bayan sallar Juma'a, ba a ambaci sunan wanda zai nema ba. Neman ne ke bukatar sirri. Abin da ya dace shi ne a faɗaɗa shelar ta bakunan da mutane suka sani, a bar neman a rufe. Kuma sirrin da wayar ta bayar, ita ce take fara warware shi: yaron da ya gama horo ya ɗora hotonsa da kaki a Facebook, abokai suna taya shi murna suna ambaton sunan garinsu da na mahaifinsa, ya yi wa mai kai rahoto rabin aikinsa. Dokokin aikin soja sun taƙaita abin da jami'i zai wallafa, amma ba su hau kan ƙannensa da ke gida ba.

Akwai wani dalili kuma da ya sa bai kamata gwamnati ta yi sakaci ba: ba ita kaɗai ke shela a cikin wayar ba. A watan Maris na 2022 ofishin jakadancin Yukren a Dakar ya wallafa kira a Facebook ga masu son zuwa yaƙi, har gwamnatin Senegal ta kira jakadan ta nuna rashin amincewarta, Nijeriya ma ta fitar da sanarwa cewa ba za ta lamunci ɗaukar 'yan ƙasarta sojan haya ba. A 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton yadda aka jawo 'yan matan Afirka ta tallace-tallacen kafafen sada zumunta zuwa Alabuga a Rasha da sunan aiki da karatu, suka tsinci kansu suna harhaɗa jirage marasa matuƙa na yaƙi. A nan gida, 'yan bindiga suna baje damman kuɗi a TikTok, da Hausa ko Fulatanci, cikin muryar da yaro yake ganewa. Manhajojin nan an gina su ne su tura abin da ke riƙe ido, kuma takardar hukuma mai dogon Turanci ba ta riƙe idon kowa. Gwamnatin da take son ɗan Gobir ya zaɓi kakinta dole ta yi masa magana da harshensa, da murya ba da rubutu kaɗai ba, tun da saƙon murya shi ne karatun mafi yawan masu waya a karkara.

Jihohin yankin sun riga sun gwada ɗaukar ma'aikatan tsaro daga cikin al'umma: Katsina ta ƙaddamar da nata jami'an a Oktoban 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a Janairun 2024, Sakkwato ma a zamanin gwamna Ahmed Aliyu ta ƙaddamar da tata rundunar tsaron al'umma a 2024. Ko me mutum zai ce game da aikinsu, kafa su ya nuna cewa idan ana son wanda ya san daji, kuma aka san halinsa, sai an sauko ƙasa an tambayi mutanen garinsu. Hukumomin tarayya ba sai sun bar shafukansu ba kafin su ɗauki wannan darasi. Abin da ake bukata ba shi da tsada: a fassara kowace sanarwa zuwa Hausa ranar da ta fito, a karanta ta a rediyo tare da adireshin gaskiya da faɗin cewa kyauta ce, a liƙa ta a sakatariyar Isa da ta Sabon Birni, a ware kwamfuta da ma'aikaci a can don taimaka wa masu cike fom, a haɗa wurin da rajistar NIN, sannan a tsawaita wa'adi ga duk ƙaramar hukumar da aka katse wa sabis ko aka rufe wa hanya. Shugaban ƙaramar hukuma dama sai ya sa hannu a takardar kowane mai nema, saboda haka ofishinsa ya fi kowa sanin adadin yaran da suka nema daga Kamarawa a bana, da adadin waɗanda suka isa Sakkwato ranar tantancewa.